Sensational Sherri: matar da ta yi wa maza suna a resilin tana tsaye a gefen dandali

1/ Jama'a ku matso, yau zaren tarihi ne 🧵 Duk wanda ya taso yana kallon resilin ya san Shawn Michaels, ya san Macho Man Randy Savage, ya san Ric Flair da Booker T. To amma mutum nawa ne za su iya faɗin sunan matar da ta yi wa dukkansu aiki? Sunanta Sherri Martel. Ku gyara zama, labarin da ɗan tsawo.

2/ Kafin wani ya zo ƙasa ya ce min "ai resilin ƙarya ne", eh, mun sani. Tsararren labari ne, an san wanda zai ci tun kafin a fito. Kamar fim yake, akwai akta akwai bos. Sai dai shi a gaban mutane ake yin sa kai tsaye, kuma babu mai faɗuwa a madadinka. In aka maka ka da katako, bayanka ne zai sha. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

3/ A wannan sana'ar akwai mutum biyu da ke raka ɗan wasa. Akwai 'yar rakiya, wadda aikinta ta fito da shi, ta riƙe masa alkyabba, ta ƙawata fitowarsa. Akwai kuma manaja, wanda zai karɓi makirufo ya yi magana a madadinsa, ya ɗauke hankalin rafali, ya miƙa masa makami a ɓoye, ya sa 'yan kallo su tsane shi.

4/ Kar ku raina aikin nan. Ku duba dambe: yawancinmu ba mu taɓa ganin damben Shago ba, amma mun san sunansa saboda waƙar Ɗan Anace. Ƙarfi kaɗai ba ya yi wa mutum suna, sai da mai tallata shi. A resilin kuma bos ɗin da ba a tsana ba, ba ya kawo kuɗi, don mutane suna sayen tikiti ne su ga an yi masa dukan kawo wuƙa.

5/ Al'adar rakiya ta daɗe. Tun shekarun 1940 da 1950 Gorgeous George yake fitowa da mai hidima yana fesa turare a dandali kafin ya taka. Ita kanta Fabulous Moolah, wadda daga baya ta zama uwar resilin ɗin mata a Amurka, a matsayin 'yar rakiya ta yi suna tun farko, ana gabatar da ita a matsayin baiwa. Nan aka ajiye mata tun fil azal: ado a gefe.

6/ To ita Sherri fa? An haife ta ran 8 ga Fabrairu 1958 a Birmingham ta jihar Alabama. Sunanta na yanka Sherry Russell. Tun tana ƙarama mahaifiyarta take kai ta kallon resilin. Tana 'yar shekara 16 ta tunkari wani babba a harkar, Grizzly Smith, ta ce tana so ta shiga. Ya ce ta je ta dawo bayan shekara biyar. Ku riƙe sunansa.

7/ Ba ta haƙura ba. Ta fara koyo a Memphis, daga nan ta wuce makarantar Moolah a jihar South Carolina. A lokacin kusan duk macen da ke son yin resilin a Amurka sai ta bi ta hannun Moolah. Ita ke horarwa, ita ke tura su wasa, ita ke yankar nata kason a kuɗinsu. Ita ce ta raɗa mata suna Sherri Martel, ta tura ta Japan a 1981.

8/ Zaman nasu bai yi ƙarko ba. Sherri akwai son yawon dare, Moolah kuma ba ta ɗaukar wargi, sai ta sallame ta. Ita ma Moolah ɗin ba kanwar lasa ba ce: tsofaffin ɗalibanta da dama sun zarge ta da cin guminsu, har ta kai a 2018 WWE ta cire sunanta daga wata gasar mata da aka shirya yi a WrestleMania, saboda ƙorafin jama'a.

9/ Sherri ta koma Memphis, inda wani saurayi mai suna Jim Cornette ya zama manajanta. Ita ce ta farko da ya taɓa yi wa manaja, kuma daga baya ya zama ɗaya daga cikin mashahuran manajojin da aka taɓa yi. A nan ta ji rauni a wani wasa na gamin-gambiza da maza, har ta ɗan ɗauki lokaci ba ta wasa.

10/ Tauraruwarta ta fara haske ne a kamfanin AWA na Verne Gagne da ke Minneapolis. Ran 28 ga Satumba 1985, a birnin Chicago, ta doke Candi Devine ta ɗauki kambun mata. Sau uku tana riƙe wannan kambun. Ku lura da kyau: 'yar wasa ce cikakkiya, zakara, tun kafin kowa ya san ta da riƙe wa wani riga.

11/ A AWA ɗin ne ta fara haɗa taura biyu a baki, kuma ta tauna su. Tana wasanta, tana kuma yi wa Buddy Rose da Doug Somers manaja, har suka ɗauki kambun 'yan bibbiyu a 1986. Abokan gabarsu wasu samari ne biyu da ake kira Midnight Rockers: Marty Jannetty da wani yaro, Shawn Michaels. Shi ma ku riƙe shi.

12/ Jesse Ventura ne ya yi mata hanya zuwa WWF, kamfanin da ya koma WWE a 2002. Ran 24 ga Yuli 1987, a Houston, wasanta na farko ke nan, aka haɗa ta da wa? Moolah. Malamar da ta kore ta, tana da shekara 64 a lokacin kuma har sannan bel ɗin na hannunta. Sherri ta cinye ta ta karɓe kambun. Daga ranar ta zama Sensational Sherri.

13/ Wata 15 tana riƙe da kambun. A cikin wannan lokacin ma kamfanin bai bar ta ta huta ba. Sukan sa mata gashin kanti fari da baƙin tabarau, ta fito a matsayin Peggy Sue, budurwar Honky Tonk Man. Wato zakarar mata ta kamfanin ce take ɓad da kama tana rawa a bayan wani namiji. Wannan kaɗai ya ishe ku gane darajar kambun mata a wurinsu.

14/ Ran 7 ga Oktoba 1988, a Paris ta Faransa, ta rasa kambun a hannun Rockin' Robin. Kun san 'yar waye Robin? 'Yar Grizzly Smith ce, mutumin da ya ce mata ta je ta dawo. Duniya ke nan, rawar 'yan mata.

15/ Abin da ya biyo baya shi ne ginshiƙin labarin nan. WWF ta daina damuwa da wasan mata, zuwa 1990 aka jingine kambun gaba ɗaya, bai dawo ba sai ƙarshen 1993. Mata da yawa suka rasa aiki, wasu suka tafi Japan. Ga Sherri tana ganiyar ƙarfinta, tana da shekara 30 da 'yan kai, babu wadda za ta kara da ita. Gefen dandali kaɗai ya rage.

16/ A lokacin akwai sarauniyar gefen dandali, Miss Elizabeth, matar Randy Savage. Elizabeth ga kyau ga kunya, ba ta cika magana ba, ba a taɓa ta. In hankalinta ya tashi sai 'yan kallo su ji kamar su shiga su kare ta. Da Savage ya koma bos a 1989 ya rabu da ita a cikin labarin, sai aka nemo masa kishiyar halinta sak. Aka ɗauko Sherri.

17/ Ta zo da abin da ba a saba gani ba. Kwalliyar fuska mai ban tsoro, ihu kamar maƙogwaro zai tsage, jaka da aka cusa wa abu mai nauyi, takalmi mai tsini da take cirewa ta rafka wa mutum. In rafali ya juya baya, ita da kanta take shaƙe ƙaton namiji a jikin igiya. Kuma da yake 'yar wasa ce, duka nata yana kama da na gaske.

18/ Ga sirrin da ya sa kamfanoni suke rububinta: ta iya faɗuwa. Yawancin 'yan rakiya ba a horar da su ba, ba za a iya ɗaga su a jefar ba. Sherri kuwa za ka iya wurgo ta ta saman igiya ta faɗo ƙasa, gobe ta sake. Sai ta zama ita ce ke biyan bashin bos: ta tara wa mutane haushi na minti 20, a ƙarshe akta ya damƙe ta, fili ya kaure da ihu.

19/ Misali, SummerSlam ta 1989. Hulk Hogan da Brutus Beefcake suka kara da Savage da Zeus. Bayan an tashi, Hogan ya ɗaga Sherri ya buga, Elizabeth ta kwaɗa mata jakarta, aka sa almakashi aka yanke mata gashi. Mutane suka tafi gida cikin farin ciki. Mazan da aka cinye sun fice da mutuncinsu, ita ce ta kwashi wulaƙancin.

20/ Da Savage ya zama Macho King, ita ta zama Sarauniya Sherri, ana ɗauko su a kan karaga. A WrestleMania ta 6, a Toronto, Afrilun 1990, ta samu ta shiga dandali: ita da Savage suka kara da Dusty Rhodes da Sapphire. A ranar ma ita aka danne aka ƙirga wa uku, bayan Elizabeth ta sa hannu.

21/ Yanzu ga daren da kowa ke tunawa. A Royal Rumble ta 1991 Sherri ta durƙusa tana lallashin Ultimate Warrior ya ba Savage damar neman kambu, ya ƙi. Sai suka ɓata masa wasansa da Sgt. Slaughter: Savage ya fasa masa sandar sarauta a ka, kambu ya tafi. Aka sa musu rana a WrestleMania ta 7, wanda aka cinye ya bar sana'ar.

22/ 24 ga Maris 1991, Los Angeles. Warrior ya cinye Savage. Yana kwance ko motsi ba ya iyawa, Sherri ta shigo a fusace ta hau shurinsa. Sai ga Elizabeth daga cikin 'yan kallo, ta tsallake shinge, ta cakumi Sherri ta jefar da ita waje. Savage ya miƙe, suka rungumi juna. Kyamara ta nuno mutane suna kuka da hawaye shaɓe-shaɓe.

23/ Har yau in ana lissafa abubuwan da suka fi taɓa zuciya a tarihin WrestleMania sai an sa wannan. Ana cewa daren Savage da Elizabeth ne. To amma ku cire Sherri ku gani. Savage ya yi shekara biyu yana bos, me zai sa a tausaya masa cikin minti ɗaya? Shurin nan nata ne ya wanke shi. Ta kwashe tsanar duka ta ɗora a kanta ta fita da ita.

24/ Kuma ko awa biyu ba a yi ba, a daren dai, ta sake fitowa ta koma bayan Ted DiBiase, attajirin nan Million Dollar Man, bayan wasansa da Virgil. An jefar da ita da yamma, kafin a tashi ta samu sabon ubangida 😂

25/ Farkon 1992 Shawn Michaels ya jefa abokinsa Jannetty ta tagar gilashi ya koma bos. Matsalar ita ce mutane sun saba ganinsa a matsayin yaro mai fara'a na wasan bibbiyu, ba wanda ya ɗauke shi babban ɗan wasa. Kamfani ya haɗa shi da Sherri. Matar da ta yi wa Savage da DiBiase aiki in ta ce wannan yaron ne gwaninta, dole a sake kallonsa.

26/ Tana riƙe masa madubi yana kallon kansa, tana rawar jiki a kansa, shi kuma yana yi mata kallon banza. Haushi ya kama mutane, abin da ake nema ke nan. Waƙar fitowarsa ɗin nan da kuka haddace, Sexy Boy, muryar Sherri ce a kai tun farko. Daga baya ne aka sake ɗauka da muryarsa, kuma da ita ya yi ta fitowa har ya yi ritaya.

27/ A SummerSlam ta 1992, filin Wembley na Landan, gaban mutum kusan 80,000, Shawn ya kara da Rick Martel. Ba 'yan'uwa ba ne da ita, suna ne kawai ya zo ɗaya. Sharaɗin da ta gindaya: kar wanda ya daki fuskar wani, don duk biyun suna burge ta. Da suka fara marin juna sai ta yi suman ƙarya, har Rick ya sheƙa mata bokitin ruwa. Ashe ta iya barkwanci ma.

28/ Yadda aka raba su shi ne hoton rayuwarta a sana'ar. Ƙarshen 1992 Jannetty ya dawo ɗaukar fansa, ya ɗaga madubin nan zai rotsa wa Shawn. Shawn ya jawo Sherri ya kare kansa da ita, madubi ya tarwatse a kanta. Shi ya wuce ya zama zakaran Intercontinental, daga baya zakaran duniya a 1996. Ita ta bar WWF a 1993 bayan rigimarta da Luna Vachon.

29/ Ta ɗan taɓa ECW tare da Shane Douglas, sai WCW a 1994. Nan ma kai tsaye aka kai ta saman tebur: ita ce a gefen Ric Flair lokacin da Hogan ya yi wasansa na farko a kamfanin, a Orlando, Yulin 1994. A watan Oktoba, a Detroit, aka rufe su a keji don kar kowa ya shiga. Sherri ta haye kejin ta dira ciki.

30/ Daga nan ta zama Sister Sherri, manajar Harlem Heat, wato Booker T da yayansa Stevie Ray. 'Yan'uwa biyu baƙaƙen fata daga Houston, a kamfanin da cibiyarsa ke Atlanta a kudancin Amurka, ga farar mace tana jagorantarsu tana faɗa dominsu. Sau bakwai suna ɗaukar kambun 'yan bibbiyu tana tare da su, kafin a raba su a 1997.

31/ Booker T ya ci gaba har ya ɗauki babban kambun WCW sau biyar. Shi da Shawn duk sun sha faɗa a bainar jama'a cewa Sherri ta taimaki tafiyarsu sosai. Ku ƙirga: Savage, DiBiase, Shawn, Flair, Booker T, Stevie Ray. Dukkansu yau suna zauren karrama gwarzaye na WWE. Wannan ba dace ba ne kawai.

32/ Yanzu mu koma kan abin da na ce ku riƙe a farko. Labarin tsararre ne, amma faɗuwar ta gaske ce. Kuma a Amurka 'yan resilin ba ma'aikatan kamfani ba ne a doka, 'yan kwangila ne. Babu fansho, babu ƙungiyar ƙwadago, babu lokacin hutu kamar na ƙwallo. A zamaninta in ka kwanta jinya, wani ya maye gurbinka, kuɗi ya tsaya.

33/ To me mutum zai yi? Ya haɗiyi ƙwayar kashe raɗaɗi ya fita, ya haɗiyi ta barci a otal, gobe ya hau mota zuwa wani gari. Sherri ta yi fama da ciwon baya, ta kuma yi fama da ƙwayoyi. Sai a 2006, bayan mutuwar Eddie Guerrero, WWE ta kafa tsarin gwajin ƙwaya da duba lafiya da take amfani da shi yanzu. Ga 'yan zamanin Sherri, an yi latti.

34/ Ta ɗan ga karramawa kafin ƙarshe. A 2005 ta fito a SmackDown tare da Kurt Angle suna kwaikwayon waƙar Shawn don tsokanarsa, aka ƙare Angle ya murɗe mata ƙafa. Tana da shekara 47, har lokacin ita ce mai shan wuya don wani ya samu tsana. Ran 1 ga Afrilu 2006 DiBiase ya shigar da ita zauren gwarzaye. Ita ce mace ta biyu, bayan Moolah.

35/ Ran 15 ga Yuni 2007 aka same ta ta rasu a gidan mahaifiyarta a McCalla, jihar Alabama. Shekararta 49. Binciken likitoci ya nuna ƙwayoyi ne suka yi mata yawa ba da niyya ba, cikinsu har da oksikodon. Wannan ƙwayar dangi ɗaya ce da kodin, wanda Najeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tarinsa a 2018, sai dai ta fi shi ƙarfi.

36/ Ko makokinta ba a gama ba, bayan mako ɗaya, Chris Benoit ya kashe matarsa Nancy da ɗansu, ya kashe kansa. Duniya ta koma can, aka manta da Sherri. Ita ma Nancy ɗin tsohuwar manaja ce da aka sani da suna Woman, ta yi wa Flair aiki. Elizabeth ta riga su tun 2003 tana da shekara 42, ƙwaya da giya. Luna ta bi a 2010 tana da 48.

37/ Mata huɗu da suka riƙe gefen dandali a shekarun 1980 da 1990, babu wadda ta kai 50. Mazan nan shida da na lissafa ɗazu kuwa, in ka cire Savage da ya rasu a 2011, suna nan da ransu, wasu ma har yau kamfanin yana biyan su.

38/ Abubuwa sun canza. A 2018 WWE ta yi Evolution, babban wasa na mata zalla. Ran 7 ga Afrilu 2019 Becky Lynch da Ronda Rousey da Charlotte Flair suka rufe WrestleMania, karon farko da mata suka yi haka. Ita Charlotte 'yar Ric Flair ce, mutumin da Sherri ta haye keji dominsa. Da a wannan zamanin aka haife ta, wa kuke ganin zai riƙe wa wani madubi?

39/ Abin da ke damuna a labarinta shi ne yadda ake ba da shi. Ana cewa "babbar manaja", a tafa, a wuce. Ba a cika faɗin cewa zakara ce aka rufe wa ƙofa ba, ta ɗauki ragowar aikin da aka bar wa mata, ta yi shi fiye da kowa, ribar ta tafi ga wasu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

40/ In kun samu data, ku nemi ƙarshen wasan Savage da Warrior na 1991 a YouTube. Wannan karon ku ƙyale masu rungumar juna, ku bi ta da ido daga shigowarta har faɗuwarta waje. Sannan ku dawo ku faɗa min, tsakanin ita da Elizabeth, wa ta fi wahalar maye gurbi?

41/ Nan zan dasa aya. Ku tura wa abokanku 'yan resilin, musamman masu cewa Shawn shi ya yi kansa da kansa.